Anna Thynne

Anna Constantia Thynne (an haife ta a shekarar 1806, ta rasu ranar 22 ga watan Afrilu, 1866) 'yar Birtaniya ce mai nazarin halittun teku. An fi saninta da riƙe murjani mai rai a cikin gida, nesa da teku, har kimanin shekara uku. Ta fara wannan ne a shekarar 1846 a birnin Landan, cikin kwanukan gilashi, a gidan mijinta da ke harabar babbar majami'ar Westminster Abbey. Don ta kawo murjanin lafiya daga gaɓar teku, sai da ta ɗinke shi a jikin soso da allura da zare. Marubuta tarihin kimiyya da dama suna ɗaukar kwanukan nata a matsayin akwariyam na ruwan gishiri na farko da ya ɗore a Landan, wato mazubin gilashi da ake kiwon halittun ruwa a ciki, ko da yake a zamaninta wasu ne suka fi shahara da wannan aiki.

Asali da iyali

Sunanta na gida Anna Constantia Beresford. Mahaifinta, Charles Cobbe Beresford, limamin cocin Anglika ne a ƙasar Ailan. Kakanta John Beresford ya daɗe yana shugabantar hukumar tara haraji ta Ailan, kuma yana cikin manyan masu faɗa a ji a Dublin a ƙarshen ƙarni na 18.

A ranar 2 ga watan Maris, 1824, ta auri Lord John Thynne, ɗan Thomas Thynne, Marquess na Bath na biyu, masu babban gidan nan na Longleat. Mijin nata limami ne. Ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban limaman Westminster Abbey kusan shekara 45, har rasuwarsa a 1881. Shi ne ya tsaya a madadin shugaban, wanda ba shi da lafiya, ranar naɗin Sarauniya Victoria a 1838. Saboda wannan muƙami iyalin suka zauna a Ashburnham House, wani tsohon gida na ƙarni na 17 da ke jikin majami'ar. Sun haifi 'ya'ya da yawa, galibinsu maza. Francis John ne ya gaji gidan gonar iyalin na Haynes Park, William ya mutu a yaƙin Lucknow a Indiya a 1858, Reginald kuma ya kai muƙamin manjo janar a soja.

Tun kafin ta waiwayi teku, Anna Thynne ta yi shekaru tana karatun ilimin duwatsu don sha'awar kanta. Ta kuma yi dace da maƙwabci, domin a 1845 aka naɗa William Buckland shugaban limaman Westminster, shi kuwa yana cikin fitattun masana duwatsu na Ingila, mutumin da gidansa ba ya rabuwa da ƙasusuwan dabbobin dauri da dabbobi masu rai. Sai dai mace a wancan lokaci ba ta da wurin zama a yawancin ƙungiyoyin masana. Ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ba ta karɓi mata ba sai a 1919. Duk abin da Anna Thynne ta gudanar, a falon gidanta ta gudanar da shi.

Irin murjanin da ta kiwata

Murjanin da aka sani a ƙasar Hausa, jan nan da ake yin tsakiya da abin wuya da shi, ƙashin wata halitta ce ta Bahar Rum, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Na Anna Thynne danginsa ne, amma ba su yi kama ba. Turawan lokacin suna kiran irinsa madrepore, masana kuma suna kiransa Caryophyllia smithii, sunan da Stokes da Broderip suka raɗa masa a 1828. Dabba ce 'yar ƙarama da ke zaune ita kaɗai a cikin wani ƙoƙon dutse da ta gina wa kanta da sinadarin alli, faɗinsa bai cika wuce santimita biyu da rabi ba. Gindin ƙoƙon a manne yake da dutse. Idan dabbar ta saki jiki, sai ta kumbura da ruwa ta fito saman ƙoƙon, ta baza wasu siraran yatsu masu ƙulli a baki, tana kama ƙananan halittun da ruwa ya kawo. Da an taɓa ta sai ta shige ciki, a ga kamar busasshen dutse.

Yankin Devon, inda ta same shi, cike yake da irin wannan halitta a mace. Duwatsun da ke kewaye da garin Torquay suna ɗauke da burbushin murjani na miliyoyin shekaru, har masassaƙan garin suna goge su suna sayar wa baƙi a matsayin kayan ado. Daga sunan wannan yanki ne Adam Sedgwick da Roderick Murchison suka samo sunan zamanin Devonian a 1839. Shekara uku bayan haka Charles Darwin ya fitar da littafinsa a kan yadda tsibiran murjani ke samuwa. Ke nan mai karatun duwatsu a Ingila ya san murjani sarai a jikin dutse da kuma a littafi, amma kaɗan ne suka taɓa ganin sa yana cin abinci.

Tafiyar Devon

A kakar shekarar 1846 Anna Thynne ta je hutu Devon, inda ta fara ganin madrepore mai rai. Ta tara kamar guda 30, ta kuma ƙudura komawa da su gida. Matsalar ita ce hanya. Jirgin ƙasa bai iso Torquay ba sai 1848, don haka dole a fara da keken doki a kan hanya mai gargada. Ƙoƙon murjani yana da kaifin baki, naman da ke kansa kuwa siriri ne ƙwarai. Idan aka zuba guda 30 a kwalba ɗaya, kowane girgizo zai sa su karo da juna, su yanke naman juna, raunin ya ruɓe, ruwan ya lalace, duka su mutu. Kuma murjanin da aka ɓamɓaro daga dutse ba ya iya jan jiki ya sake mannewa a wani wuri.

Dabarar da ta yi ta mai ɗinki ce. Ta samo babban soson teku, ta ɗinke murjanin a jikinsa da allura da zare yadda babu wanda zai taɓa ɗan'uwansa. Ta sa soson cikin kwalba, ta cika ta da ruwan teku har baki, ta ɗaure bakin da busasshiyar mafitsarar dabba, wadda a lokacin ita ake rufe tulunan ajiye abinci da ita. Cikawar har baki ma tana da dalili: ruwan da bai da sarari ba ya tambal-tambal. Soson ya zama matashi, ya zama kuma wurin kafewa. A hanya ta ga dabbobin suna baza yatsunsu cikin kwalbar, alamar ba su wahala ba. Ta yada zango a Clifton kusa da Bristol, daga nan ta wuce Landan, suka isa da ransu. Ta kuma taho da galan shida na ruwan teku, kimanin lita 27, wanda aka ɗebo daga wuri mai zurfi.

Kwanukan Ashburnham House

A Landan ta raba su cikin kwanukan gilashi biyu, kowanne yana cin abin da bai kai lita biyu ba. Tana canja musu ruwa bayan kowane kwana biyu, tana ciyar da su da dafaffen jatan lande da aka yayyanka ƙanana. Ruwan da ta taho da shi ba zai daɗe ba a haka, kuma Kogin Thames da ke kusa da gidan ba ruwan teku ba ne, ga shi a lokacin duk ƙazantar birnin a cikinsa take ƙarewa. Sai ta yanke shawarar ta riƙa maimaita amfani da tsohon ruwan bayan an farfaɗo da shi. Akan tsaya gaban buɗaɗɗiyar taga a riƙa juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan, a mayar, a sake juyewa, na tsawon rabin awa zuwa minti 45, kafin a mayar wa dabbobin.

Abin da ke faruwa a nan shi ne, dabbobin suna shaƙe iskar oksijin da ke narke cikin ruwa, suna fitar da iskar kabon. Ruwan da ke kwance a kwano ta samansa kaɗai yake samun sabuwar iska, wannan kuwa ba ya isa. Juye shi yana farfasa shi ya haɗu da iska ta ko'ina. Aikin da ƙaramin famfon lantarki ke yi a akwariyam na yau ke nan. A Ashburnham House wata yarinya 'yar aikin gida ce take yin sa da hannu. Anna Thynne ta ambace ta a rubutunta, ta yarda cewa aikin akwai gajiya, amma ba ta faɗi sunanta ba. Idan za a yi adalci, rabin nasarar ta yarinyar nan ce. Da wannan dabara sabon ruwa daga teku bai zama dole ba sai bayan wata uku-uku.

Akwai kuma sa'a a cikin lamarin. Murjanin ƙasashe masu zafi, wanda ke gina manyan tsibirai, yana dogara ne da wasu ƙananan tsirrai da ke zaune cikin namansa, don haka yana buƙatar hasken rana mai ƙarfi da ruwa mai ɗumi. Da irinsa ta ɗauko, da bai ga ƙarshen hunturu ɗaya ba a Landan mai hayaƙin kwal. Na Devon kuwa a kogunan dutse da wuraren inuwa yake zama, ya saba da ruwan sanyi, kuma da abin da ya kama yake rayuwa. Ɗaki mai sanyi da ɗan duhu bai dame shi ba.

Ciyawar teku

A bazarar 1847 ta ɗauki matakin da ya sa ake tunawa da ita. Tun ƙarni na 18 Joseph Priestley da Jan Ingenhousz suka nuna cewa tsirrai, idan suka sami haske, suna gyara iskar da dabbobi suka ɓata. Anna Thynne ta so ta gwada ko hakan zai yiwu a cikin kwano. Ta aika gaɓar teku a kawo mata bawon kifin kwari da gutsattsarin duwatsu waɗanda ciyawar teku ke manne a jikinsu da ranta.

Duwatsun ba su zo su kaɗai ba. A jikinsu akwai tsutsotsi masu gina wa kansu bututun alli, da ƙananan taurarin teku masu siraran hannuwa, da wasu halittu da sai da madubin ƙara girma ake ganin su, da yawa ma ba ta sami sunansu a littattafanta ba. A kan wani dutse ta tarar da ɗan tsiron soso mai rai, ta riƙa bibiyar girmansa. Abin da ya fara da murjani 30 ya koma ƙaramin teku a kan tebur. Akwai wani abin da duwatsun suka kawo wanda ita ba ta da hanyar sani, wato ƙwayoyin bakteriya masu sarrafa dattin da dabbobi ke fitarwa su rage masa guba. Sai wajen 1890 Sergei Winogradsky ya ware irin waɗannan ƙwayoyi ya bayyana aikinsu. Masu kiwon murjani na yau suna sa irin wannan dutse a akwatunansu da gangan, suna kiransa dutse mai rai.

Duk da ciyawar, ba ta daina sa a juya ruwan ba, don tana tsoron kada lissafin tsirrai da dabbobi ya ƙi daidaita. Wannan taka-tsantsan ya ceci dabbobinta, amma ya rage wa gwajin ƙarfi, tunda ba za a iya rarrabe abin da ciyawa ta yi da abin da hannun yarinyar ya yi ba. A haka ta riƙe su kimanin shekara uku.

Tenby da rubutun 1859

Daga baya ta ci gaba da nazarin a Tenby, wani garin bakin teku a Wales, inda ruwa ba ya yanke mata. A nan hankalinta ya koma kan yadda waɗannan halittu ke yaɗuwa. Ta riƙa rubuta abin da ta gani da kwanan wata: yadda ƙananan da suka bayyana a kwanukanta suke miƙewa, bakinsu ya ja tsawo, jikin ya tsage gida biyu ko fiye, kowane ɓangare ya warke ya yi nasa bakin da yatsu, ya zama dabba mai zaman kanta. 'Yan kaɗan suka zama masu ɗimbin yawa ba tare da ƙwai ba.

Wannan bayani bai fito ba sai a 1859, a mujallar Annals and Magazine of Natural History, da taken On the Increase of Madrepores. An buga shi da sunan Mrs. Thynne, tare da ƙarin sharhi daga Philip Henry Gosse. A cikinsa ne labarin soso da allura ya zo. Akwai wurin da masanan yau ke ɗan ja da baya: Caryophyllia smithii an san shi da zaman kaɗaici da yaɗuwa ta hanyar ƙwai, alhali a kan duwatsun wannan gaɓa akwai wani danginsa marar ƙoƙo, Corynactis viridis, wanda tsagewa biyu ita ce sananniyar hanyar yaɗuwarsa. Ko wanne ne ta gani, abin da ta lura da shi gaskiya ne game da wannan dangi na halittu, wato ɓangaren jiki yana iya zama cikakkiyar dabba.

Wa ya riga wa

Ba ita ce ta fara sa halittar teku a gilashi ba. A Sikotilan, Sir John Dalyell ya ɗauko wata dabba mai kama da fure daga gaɓar teku a 1828, ta rayu har 1887, ta binne shi da shekaru masu yawa, amma shi yana kusa da teku, sabon ruwa ba ya yanke masa. A tsibirin Sisili, Jeanne Villepreux-Power 'yar Faransa ta ƙera akwatunan nazari tun 1832. Abin da ya bambanta aikin Anna Thynne shi ne nisa da teku, da tsawon lokaci, da haɗa tsirrai da dabbobi da niyyar su riƙe juna.

Sai dai ita ta yi shiru, wasu suka rubuta. A 1850 Robert Warington, masanin sinadarai, ya gabatar da sakamakon gwajinsa na kifin zinariya biyu da tsiron ruwa da dodon koɗi a ruwan daɗi, ya bayyana ƙa'idar a fili. Gosse ya yi nasa gwajin da ruwan teku, ya taimaka wajen cika akwatunan gidan kifi na gidan namun dajin Landan da aka buɗe a watan Mayun 1853, sannan a 1854 ya fitar da littafinsa The Aquarium, wanda ya yaɗa kalmar. An riga an soke harajin gilashi tun 1845, gilashi ya yi araha, sai yayin akwariyam ya kama gidajen masu hali a Ingila, har aka buɗe shagunan sayar da ruwan teku da dabbobinsa a Landan. Edwin Lankester ya kawo labarin gwajin Anna Thynne a littafinsa The Aquavivarium na 1856, amma lokacin da nata rubutun ya fito a 1859, shekara 13 bayan tafiyar Devon, jama'a sun riga sun haɗa abin da sunan Gosse da Warington. Warington ya cancanci yabon bayyana ƙa'idar da kuma gwada ta ba tare da juya ruwa ba. Ta fuskar riƙe murjani da rai a gida kuwa, ita ce a gaba.

Allura da zare a yau

Matsalar da ta warware da soso har yanzu ita ce ta farko da mai kiwon murjani ke fuskanta. Guntun murjanin da ba a kafe ba, ruwa yana mirgina shi, namansa ya goge, yashi ya rufe shi, ko ya faɗa kan wani murjanin su yi ta harbin juna da dafi. Daga 1908 Thomas Wayland Vaughan, masanin Amurka, ya riƙa kafe murjani da siminti a kan faifai a tsibiran Dry Tortugas na Florida don auna girmansa shekara-shekara. Kiwon murjanin ƙasashe masu zafi a gida bai kankama ba sai bayan da Lee Chin Eng a Indonesiya ya yaɗa amfani da dutse mai rai a farkon shekarun 1960, masu sha'awa a Jamus kuma suka inganta haske da tace ruwa a shekarun 1970 da 1980.

A yau akan yanki ɗan reshe daga babban murjani da almakashi mai ƙarfi ko ƙaramin zarto, a tsane gindinsa, a ɗiga gam mai kauri na cyanoacrylate a kan wani ɗan faifan tangaran ko guntun dutse, a dasa reshen, a mayar cikin ruwa. Gam ɗin yana daskarewa da ya taɓa ruwa. Reshe mai nauyi akan ƙara masa da ƙullin epoxy. Ana kiyaye kada gam ya hau naman da ke da rai fiye da inda aka yanka. Cikin 'yan makonni, idan ruwa da haske sun yi daidai, murjanin yakan shimfiɗa sabon ƙashi ya rufe gam ɗin ya kama faifan da kansa. Nata murjanin ba yankakku ba ne, cikakkun dabbobi ne, kuma don tafiya ta ɗinke su, ba don dasawa ba. Amma akwai inda dabararta ta wanzu yadda take. Murjani mai laushi, wanda ba shi da ƙashin dutse, yana fitar da yauƙi ya zame daga gam. Irinsa akan ɗaure shi da roba, ko a rufe shi da raga a kan tsakuwa, ko kuma a soka allura da zaren kamun kifi ta gindinsa a ɗinke shi a jikin dutse, a bar shi mako ɗaya ko biyu har ya manne, sannan a yanke zaren.

Rasuwa

A 1849 Lord John Thynne ya gaji Haynes Park a yankin Bedfordshire daga ɗan'uwan mahaifinsa, Lord Carteret, gidan ya zama mazaunin iyalin na karkara. Anna Thynne ta rasu ranar 22 ga watan Afrilu, 1866, tana da kimanin shekara 60. An yi mata abin tunawa a cocin ƙauyen Haynes. Mijinta ya rayu shekara 15 bayanta, kuma da ya rasu aka miƙa Ashburnham House ga makarantar Westminster, wadda take amfani da shi har yanzu. A 2003 marubuciya Rebecca Stott ta wallafa ɗan littafi a kan rayuwarta mai suna Theatres of Glass.